Saye Daban, Riƙo Daban

Duk wanda ya saba ratsa lungunan Gyaɗi-Gyaɗi ta Kano a ƙafa, ya baro titin Zariya ya shiga ta Court Road, ko ya gangara wajen kasuwar Tarauni, ya san su. Motoci ne a raɓe jikin katanga, an lulluɓe su da tamfol mai ruwan toka, an ɗaure bakinsa da igiya ko an danne shi da bulo don kada iska ta yaye. Ba sai an ɗaga tamfol ɗin ba, fasalin jikin kaɗai ya isa ya gaya maka manya ne: jif mai tudu, ko doguwar mota irin ta shiga taro. Tayar gaba ta sace har ƙarfen ya zauna a ƙasa. Ƙurar hunturu ta kwanta a kai, damina ta zo ta dama ta, rana ta sake busar da ita. Akuyar maƙwabta ta samu inuwa a ƙarƙashi, yaran layi kuma sun mayar da bayan motar wurin jingina idan ana hira. Wata ba a rufe ta ba, an dai ɗora mata galan a saman rufi, alamar da kowa ya sani ta cewa ana neman mai saye. Galan ɗin ma ya koɗe saboda daɗewa.

Yawancinsu ba haɗari suka yi ba. In ka tambayi mai shagon da ke kusa, amsar ba ta wuce biyu. Ko ya ce, “Lafiyarta ƙalau, mai ne ya gagara,” ko ya ce, “Wani ɗan ƙarfe ake jira daga Legas.” Wani lokacin jiran ya shekara.

Zancen mai gaskiya ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabinsa na karɓar mulki, Shugaba Bola Tinubu ya sanar cewa tallafin mai ya ƙare. Cikin ’yan kwanaki litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a farkon 2024. Jif mai tankin lita 90, idan lita ta kai naira 1,000, cika shi sau ɗaya ya fi mafi ƙarancin albashin ma’aikaci na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Amma tsadar mai tona asiri kawai ta yi. Matsalar ta girmi 2023, kuma ba a unguwarmu kaɗai take ba. Abin da mutum ya biya ranar ciniki shi ne mafi sauƙi a cikin abin da kaya za su ci masa. Nauyin na gaba, kuma wurin da mutum yake zaune shi ke yanke yawan nauyin.

Akwai wata ƙaramar ƙasa ta tsibirai a tekun Karebiyan, Antigua da Barbuda, mai mutane kimanin 100,000. A farkon 2022 wani jirgin ruwan shaƙatawa mai suna Alfa Nero, mai tsawon sama da mita 80, ya tsaya a tashar Falmouth ta ƙasar. Yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, Amurka ta sa wa wani attajirin Rasha mai kamfanin takin zamani, Andrey Guryev, takunkumi, ta kuma ce jirgin nasa ne. Daga nan babu wanda ya fito ya ɗauki nauyinsa. Ma’aikatan ciki suka yi ta raguwa, albashi ya tsaya. A 2023 gwamnatin Firayim Minista Gaston Browne ta karɓe jirgin. Mai kallo daga nesa zai ce arziki ya faɗo wa ƙasar har gida, tunda an ce dala miliyan 120 aka saye shi. Sai ga shi yana cin kusan dala 28,000 duk mako daga baitulmali. Irin wannan jirgi ba a kashe masa janareto, domin in na’urar sanyaya ɗaki ta tsaya, danshin teku zai lalata katako da fatun da aka ƙawata cikinsa da su. Ga albashin masu kula da shi, ga fargabar lokacin guguwa ya zo ya tsinke ya toshe tashar da ƙasar ke cin abinci da ita. Aka yi gwanjonsa a watan Yunin 2023, tsohon shugaban Google, Eric Schmidt, ya taya dala miliyan 67.6, sai shari’a ta taso kan ainihin mai jirgin, ya janye. Sai a watan Yulin 2024 aka samu aka rabu da shi a kan dala miliyan 40.

Fiji, can a tekun Fasifik, ta ɗanɗana irin wannan a shekarar 2022, lokacin da aka tsare wani jirgin mai suna Amadea a tashar Lautoka bisa buƙatar Amurka. Da Kotun Ƙolin ƙasar ta ba da izinin a tafi da shi a watan Yuni, ɗaya daga cikin dalilanta shi ne zamansa yana jawo wa gwamnatin Fiji asara. Amurkan da ta karɓa ita ma ta shiga kashe sama da dala miliyan 7 a shekara don kawai ya zauna lafiya a bakin ruwa. Masu harkar jiragen shaƙatawa suna da lissafin da suka daɗe da shi: kowace shekara, ka ware kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin da ka sayi jirgi don riƙonsa. A tsibirin da ba a ƙera ko ƙusa, lissafin yakan fi haka, domin kowane ƙarfe sai an yi odarsa daga wata nahiya, an biya kuɗin dako da na kwastam, an zauna jira, gishirin teku kuma yana ta cin sauran.

Kano ba ta da teku. Tsakaninmu da tashar Apapa akwai wajen kilomita 1,000. Amma ta fuskar ƙarfe, halinmu ɗaya da mutanen tsibiri: kusan duk abin da ke da inji daga ƙetare yake zuwa mana, da dala aka saye shi, da dala za a sayi kayan gyaransa. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 zuwa wasu ƙasashe, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka nufo. Wani yanki na waɗannan motoci shi ne muke gani a jere a filayen sayar da motoci na titin Zariya da titin gidan Zoo da titin Maiduguri, an wanke su tas, an shafa wa tayoyin mai suna ƙyalli. Mu ce tokumbo, mu ce ’yar Kwatano, mu ce ’yar Beljiyam. An ƙera su ne don wata ƙasa mai wani irin titi, da wani irin mai, da wani irin sanyi. Ranar da suka sauka daga tirela a Kano, sun rabu da duk wannan.

Yana da kyau mutum ya tsaya ya kalli ciniki guda a irin waɗannan filaye, da yamma bayan la’asar. Mai saye yakan zo da mutum biyu: aboki mai tayawa, da bakanike. Dillali ya tarye su da fara’a, makulli a hannu.

“Alhaji, barka da zuwa. Wannan ko sati biyu ba ta yi da sauka ba. Fentinta na asali ne, ba a taɓa kwance injinta ba. Wata dattijuwa ce ta hau ta a can, daga gida sai wurin aiki.”

Alhaji ya shiga ya zauna, ya riƙe sitiyari, ya kunna na’urar sanyi, ya gwada rediyo. Kana ganin fuskarsa ka san zuciya ta riga ta saya. Shi kuwa bakanike bai ko kalli kujerun fatar ba. Ya buɗe gaban motar, ya zaro sandar gwada baƙin mai, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya kai hanci. Ya buɗe murfin lagireto ya duba ko mai ya gauraya da ruwa. Ya ce a tayar, a taka totur, ya zagaya baya ya tsuguna yana kallon hayaƙin salansa: fari ne, shuɗi ne, ko baƙi. Ya bi jikin motar yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, domin inda aka yi ciko bayan haɗari sautinsa daban ne da na lafiyayyen ƙarfe. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, ya daɗe, yana duba ko an ƙwaƙule abin tace hayaƙin nan da ake kira indomi, wanda ɓarayi ke nema saboda tsadar ma’adinin da ke cikinsa. Da ya fito sai ya yi wani abu da ba kowa ke lura da shi ba: ya ja bel ɗin kujera har ƙarshensa yana neman tabon ruwa, ya ɗaga kafet ya shinshina, ya haska ƙarfen da kujera ke gudu a kai ko akwai tsatsa. Motocin da ambaliya ta shanye a Amurka, irin ta guguwar Harvey a 2017, kamfanonin inshora kan yi gwanjonsu da araha, wasu kuma su ƙare a Afirka ta Yamma. Jikinsu sumul, amma wayoyin ciki sun sha ruwa, sai bayan wata shida su fara nuna hali.

Ya miƙe yana goge hannu da tsumma, ya ja Alhaji gefe.

“Ranka ya daɗe, injin ba laifi. Amma giyarta in ta tashi, ba na jin akwai mai taɓa ta a garin nan. Fitilar gaban nan guda ɗaya, in yaro ya jefe ta da dutse, sai an aika Legas. Kuma ƙasa take da yawa, layinku da damina ba za ta shiga ba.”

Wannan magana ita ce mafi daraja da za a faɗa a filin ran nan, ita ce kuma aka fi saurin mantawa. Aboki ya taya, dillali ya ce albarka, a ƙara, a ja, a kira mai motar a waya, a ƙarshe a ji “na sallama.” A ba da kafin alƙalami, a ware la’ada.

Wanda ya je sayen ƙaramin jirgin ruwa na hannu a wani tsibiri, shi ma wannan hanyar yake bi in yana da hankali. Yakan biya a ciro jirgin daga ruwa a ɗora shi a tudu, ya ɗauko masani ya bi cikinsa da ’yar guduma yana ƙwanƙwasawa yana saurare, don abin da zai nutsar da jirgi a ƙarƙashin ruwa yake ɓuya. Sai kuma takardu: tutar wace ƙasa yake ɗauke da ita, akwai bashi a kansa, an biya masa kwastam? A tsibirai da yawa baƙon jirgi na shiga ne da izinin zama na ɗan lokaci, ranar da aka sayar da shi ga ɗan ƙasa kuwa harajin shigo da kaya ya hau kansa. Wanda bai tambaya ba shi zai biya.

Mu ma nan takarda ce ke kayar da mutane da yawa. Tun ranar 1 ga Janairu, 2017, gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashar jiragen ruwa. Motar da aka biyo da ita ta daji daga Kwatano takan zo da takardun da ido ba zai gane na bogi ba ne, sai ranar da aka tsayar da mutum a hanyar Kaduna, da iyalinsa a ciki, jami’in kwastam ya duba lambar shasi a na’ura ya ce ba a biya mata duti ba. Lambar nan mai haruffa da alƙaluma 17 tana nan a gindin gilashin gaba, kowa na iya karantawa. Daga 2022 da ita hukumar kwastam ke ƙiyasta harajin mota, da ita kuma ake iya binciko tarihin motar a intanet, a ga ko ta taɓa haɗari ko ta sha ruwa. Duba ta bai kai kuɗin cika tanki ba. Amma sau da yawa sai an gama biya ake tunawa da ita, an yi cinikin biri a sama alhali birin yana gaban mutum.

Ranar da aka shigo da mota layi rana ce mai daɗi, kuma ban ga laifin wannan daɗin ba. Yara su biyo ta da gudu, maƙwabta su fito, a yi ta addu’a: Allah ya sa rai aka yi wa, Allah ya tsare sharrin ƙarfe, a kashe lafiya. A kai wa Hajiya ta sa albarka. Mota a unguwa irin Gyaɗi-Gyaɗi ko Darmanawa ba ta mai ita kaɗai ba ce. Ita za a buga wa ƙofa ƙarfe biyun dare idan naƙuda ta kama matar maƙwabci a nufi Asibitin Malam Aminu Kano. Ita za ta kai amarya, ita za ta ɗauki dattawa zuwa gaisuwar mutuwa a ƙauye. Wanda ya sayi mota ya ɗauke wa mutane da yawa wahala, yana da lada. Shi ya sa tsayuwarta ke da ciwo: in ta kwanta, layi guda ne ya rasa abin hawa.

Daga washegari lissafi ke farawa. Ƙofar gida ta yi kaɗan, sai an fasa katanga an sa get, an zuba kwalbati a kan kwata. In gidan haya ne ko lungun ya matse, sai a nemi gidan mai ko wani fili mai maigadi inda za ta riƙa kwana, ana biya duk wata. Ga canjin suna a takarda, ga lamba, ga inshora, ga lasisin da ake sabuntawa duk shekara, ga ’yan KAROTA da jami’an duba lafiyar mota a kan titi. Juyen baƙin mai yana zuwa da lokacinsa ko da kuɗi ko babu. Zafin Afrilu, da yakan kai digiri 40, yana gajiyar da batir da na’urar sanyi. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. Ruwan Agusta ya cika lungu, ramin da ke ƙarƙashinsa ba ya ganuwa sai an ji ƙarar shokozoba. Babban titi ya gyaru, an yi gadar sama da ta ƙasa a shataletalen Ɗangi, amma mota ba a kan gada take kwana ba, sai ta sauka ta bi layin da zai kai ta gida.

A nan ne bambanci ke fitowa tsakanin mota da mota. Je ka kasuwar Ƙofar Ruwa ka ce kana neman kayan Corolla ko Golf ko Peugeot 406, kafin ka rufe baki yara uku sun ruga sun kawo maka, sabo da na hannu, ka zaɓa. Ambaci wata motar da ba a fi ganin guda biyar irinta a gari ba, sai a yi ta kiran waya, a ce ka dawo jibi, jibi ta zama wata. Dattawa suna tuna zamanin Fijo 504. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, har ta kai babu garin da za ka tsaya a Arewa ka rasa wanda ya san cikin 504 kamar tafin hannunsa. Ƙarfinta gaskiya ne, amma abin da ya fi riƙe ta shi ne ƙasa ta ginu a kewayenta: masu gyara sun koya, ’yan kasuwa sun tara kayanta, direbobi sun san kukanta. Haka abin yake a kasuwar waya ta Farm Centre da ke nan Tarauni. Wayar da gilashinta ke kowane shago ta fi amfani ga mai ita a kan wadda ta ninka ta tsada amma in ta faɗi sai an yi oda. Kaya ba sa rayuwa su kaɗai, sai da jama’ar da ta san su.

Kakanninmu sun san wannan tun kafin ƙarfe ya zo, domin sun riƙe doki. Har yau a cikin gari da unguwannin waje akwai masu ɗaure doki don hawan sallah, kuma kowannensu zai gaya maka kuɗin sayen doki ba shi ne abin tsoro ba. Hawan kwana kaɗan ne a shekara, ci kuwa kullum ne: dawa ko gero, dusa, harawa, kanwa, ruwa, da yaron da zai share barga ya wanke shi ya zagaya da shi don kada ƙafa ta sage. Shi ya sa a fada aka ware sarauta guda, Shamaki, don kula da dawaki. Mutumin da ya ɗaure doki ya bar shi ya rame a turke, mutuncinsa ya fi zubewa a kan wanda bai taɓa saye ba. A wancan zamani ba a tambayar mutum nawa ya sayi dokinsa kafin a dubi ƙugun dokin.

Mota a tsaye ma ci take yi, ko da ba a zuba mata mai. Batir ya mutu, tayoyi su tsattsage, robobin inji su bushe, man da ya rage a tanki ya lalace, ɓeraye su shiga su cinye wayoyi. Kowane wata da ta ƙara a jikin katanga, farashinta sauka yake. Jirgin Antigua ya yi asarar sama da dala miliyan 27 tsakanin tayin farko da cinikin ƙarshe, ban da abin da ya ci a zaune. Can shari’a ce ta tsayar da ciniki. Mu nan sau da yawa kunya ce. Mutum yana gudun a ce ya karye, yana jiran al’amura su warware, ko yana jiran wanda zai biya shi abin da ya kashe, alhali wannan mai sayen ba zai zo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne inda kuɗin riƙon ke fitowa. Ba daga sama yake faɗowa ba, daga wani kwano ake ɗibarsa. Kuɗin cefane ya ragu, uwargida ta yi shiru tana ƙara ruwa a miya. A ce wa yaro ya jira sati mai zuwa kafin a biya kuɗin makaranta, saboda an sayi famfon mai. A jinkirta maganin tsohuwa. Babu wanda ya yi niyyar haka ranar da ya ce “na saya,” amma wanda bai lissafa shekara guda gaba ba, iyalinsa ne ke cike giɓin. Ƙasa ma haka take. A watan Nuwamban 2023, cikin ƙarin kasafin kuɗin da aka kai Majalisar Tarayya, an ga naira biliyan 5 da ’yan kai na jirgin ruwan shugaban ƙasa a ƙarƙashin rundunar sojan ruwa. Jama’a suka yi ca, fadar shugaban ƙasa ta ce jirgin aikin soja ne, majalisa kuma ta cire kuɗin ta ƙara a kan bashin karatu na ɗalibai. Muhawarar duk a kan kuɗin saye ta tsaya, ba a cika jin mai tambayar abin da zai ci duk shekara ba. Mu a Kano da muka ji zancen jirgin ruwa, Bagwai muka tuna, inda ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwale ya kife a madatsar Watari ya hallaka aƙalla mutum 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Wannan shi ne kwanon da ake ɗiba idan aka sa kuɗin jama’a a abin da ya fi ƙarfin buƙata.

Ba ina cewa kowa ya haƙura da abin da ransa ke so ba. Wanda Allah ya hore wa, yake da halin saye da halin riƙo, ya hau abin da ya ga dama, ya gode wa Allah, ya rage wa na ƙasa hanya. Son abu mai kyau ba aibi ba ne. Abin dubawa shi ne me ke tura mai matsakaicin ƙarfi ya ɗauki abin da zai danne shi, kuma a nan mu ’yan kallo muna da hannu. Mu ne muke tashi tsaye mu ba da kujerar gaba a wurin ɗaurin aure idan mutum ya sauko daga jif, mu bar wanda ya zo a adaidaita sahu yana neman inda zai raɓa. Mu ne muke tambayar wace mota saurayi ke hawa kafin mu tambayi halinsa da sana’arsa. Mu ne kuma, ranar da maƙwabci ya sayar da babbar motarsa ya sayi ƙarama ko ya koma babur, muke rage murya a majalisa mu ce wane fa abubuwa sun ja baya. Mutumin nan ya zaɓi tukunyar gidansa a kan idon jama’a. Abin da ya cancanta shi ne a ce masa ya yi dabara, Allah ya mayar da alheri, a kuma ci gaba da ba shi girman da ake ba shi jiya.

Saboda haka idan ɗan’uwa ko aboki ya kira ka ya ce ka raka shi ganin mota, rakiyar tana da haƙƙi. Kada aikinka ya tsaya a taya ciniki da yaba fenti. Ka sa a duba lambar shasi kafin a ba da ko sisi. Ka bar bakanike ya gama maganarsa, kuma a biya shi kuɗin dubawa daga aljihun mai saye, don kada ya zama yana jiran rabonsa daga la’ada. Ka tambayi bakaniken abin da motar za ta ci a shekara, mai da juye da taya da takardu da gyaran da ba a zata ba, a rubuta a takarda, a ajiye kusa da abin da ke shigo wa mutum a wata. Ka tambaya ko akwai kayanta a Ƙofar Ruwa, ko akwai mai gyaranta a garin nan, ko za ta shiga layinsu a watan Agusta, a ina kuma za ta kwana. In amsoshin sun yi daidai, ka yi wa abokin naka addu’a da zuciya ɗaya. In ba su yi ba, ka gaya masa a nan filin, tun makulli yana hannun dillali. Zai iya jin haushinka na kwana biyu, amma iyalinsa za su ci abinci, kuma kai ka sauke amanar abota.